Wayar da ke kwance a zuciya: Ƙalubalen masu na'urar bugun zuciya daga Godogodo zuwa Abuja

A shekarar 2025 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu kan dokar kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, wadda aka tsara za ta zauna a babban asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa. Labarin ya faranta ran al'ummar Kudancin Kaduna, domin shekara da shekaru, duk ciwon da ya fi ƙarfin babban asibiti sai an kama hanyar Jos, Zariya, Kaduna ko Abuja. Mutumin Godogodo, ko na Gidan Waya, ko na Fadan Kagoma, ya san cewa ciwo mai tsanani tafe yake da kuɗin mota da na masauki.

A cikin masu zuba ido su ga abin da sabuwar cibiyar za ta zama, akwai wani rukuni da ba a cika jin muryarsa ba: mutanen da ke ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, wadda likitoci ke kira fesmeka, a ƙarƙashin fatar ƙirjinsu. Ba su da yawa, kuma galibinsu dattawa ne. Sau da dama ’ya’yansu ma'aikata ne suka yi karo-karo, aka kai su wani asibiti a Abuja ko Legas, ko ma Indiya ko Masar, aka dasa na'urar, sannan aka maido su gida. Iyali sukan ɗauka an kashe wuta ke nan. Alhali ranar dasawa ita ce farkon wata hidima da ba ta ƙarewa sai ran mai ita ya ƙare, kuma mafi wuyar wannan hidima na tattare da siririyar wayar da ta haɗa na'urar da zuciya.

Akwati da waya

Zuciya tana da nata lantarkin. Wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a saman ɓangarenta na dama ne ke aika saƙon da ke sa ta matse, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Idan tsufa ko wata cuta ta lalata hanyar da saƙon ke bi, bugun yakan sauka zuwa 40 ko 30. Daga nan sai kasala, jiri, haki, da faɗuwa ba zato ba tsammani. A ƙauyukanmu, dattijon da ya yanke jiki ya faɗi ya farfaɗo bayan ’yan daƙiƙoƙi, ana iya cewa farfaɗiya ce ko iska, a yi ta neman magani inda babu shi.

Fesmeka kashi biyu ce. Na farko ɗan akwati ne na ƙarfe wanda bai wuce girman akwatin ashana ba, yana ɗauke da batir da ’yar kwamfuta. Ana yi masa aljihu a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Na biyu waya ce siririya mai rufin roba, ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, wadda ake zurawa ta cikin jijiyar jini har ta isa cikin zuciya, a kafe bakinta a jikin tsoka. Ta wannan waya akwatin ke sauraron zuciya, kuma ta nan yake aika mata ɗan lantarki duk lokacin da ta yi jinkiri.

Batirin yakan yi shekara bakwai zuwa goma sha biyu, gwargwadon yawan aikinsa. Idan ya kusa ƙarewa, ana buɗe aljihun, a kwance tsohon akwati, a ɗaura sabo a kan wayoyin da ke nan. Aiki ne da bai cika wuce awa ɗaya ba. Ita kuwa waya, an dasa ta ne da niyyar zama, kuma jiki ma haka yake ɗaukarta. Cikin watanni kaɗan nama mai tauri, irin na tabo, yakan fara lulluɓe ta, ya manne ta da bangon jijiya da na zuciya. Bayan shekaru, wannan naman yana iya ƙanƙarewa ya yi ƙarfi kamar tsakuwa. Duk wanda ya taɓa ganin wayar shinge da bishiya ta haɗiye ya ga kwatankwacin abin da ke faruwa.

Tun farkon tarihin na'urar, waya da batir ne ke ba likitoci ciwon kai. A ranar 8 ga Oktoba, 1958, a asibitin Karolinska da ke Suwidin, likitan tiyata Åke Senning ya dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson fesmeka ta farko da aka binne gaba ɗaya a cikin jiki, wadda Rune Elmqvist ya ƙera. Sa'o'i kaɗan ta yi ta daina aiki, aka sa wata. Larsson ya rayu har zuwa 2001, ya rasu yana da shekara 86, bayan an canza masa na'ura fiye da sau 20, kuma sai da ya ga bayan likitan da maƙerin duka. Abin da ya tsawaita ransa shi ne samun masu bibiyarsa na tsawon shekara arba'in da uku.

Me ke sa a cire waya?

Babban dalili, wanda ba ya jiran shawara, shi ne shigar ƙwayoyin cuta. Alamunsa sukan fara a aljihun: wurin ya kumbura, ya yi zafi, fatar ta yi duhu ko ta yi sheƙi, ruwa ko mugunya su fara tsattsafowa, ko kuma fatar ta sirance har gefen akwatin ko wayar ya leƙo waje. Wani lokaci kuma aljihun lafiya lau yake a ido, sai dai zazzaɓi da rawar sanyi da ke tafiya suna dawowa, saboda ƙwayoyin sun riga sun bi waya sun shiga jini. Masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari, kuma haɗarin ya fi yawa bayan canza batir fiye da lokacin dasawar farko, domin duk buɗe aljihu buɗe ƙofa ne.

A nan ne yanayinmu ke yi wa mara lafiya tarko. A yankin da zazzaɓi ke nufin maleriya ko taifod har sai an tabbatar da akasin haka, dattijo mai fesmeka yana iya shan maganin maleriya zagaye uku kafin wani ya tuna da abin da ke ƙirjinsa. Kumburin aljihu kuma ana iya ɗaukarsa maruru, a je kemis a matse, ko a tsaga, a wanke, a ba da kafso. Zai lafa na ’yan makonni, iyali su yi hamdala, sannan ya dawo. Dalili shi ne ƙwayoyin cuta suna gina wa kansu wani yauƙi a jikin ƙarfe da roba, wanda magani ba ya ratsa shi, kuma garkuwar jiki ba ta isa gare shi. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai suka yi ittifaƙi: idan cuta ta tabbata a na'urar, a cire komai, akwati da wayoyi duka. Fatar da ta huje har na'ura ta bayyana, ana lissafa ta a matsayin wadda cuta ta riga ta shiga, ko da babu zazzaɓi. Jinkirin cirewa kuma yana ƙara yawan mace-mace, musamman idan cutar ta kai ga marafan zuciya.

Dalili na biyu shi ne lalacewar wayar kanta. Zuciya tana bugawa kusan sau dubu ɗari a rana, wato waya tana lanƙwasa fiye da sau miliyan 35 a shekara. Ƙarfen ciki yana iya karyewa, rufin robar yana iya tsagewa. Akwai kuma wurin da waya ke ratsawa tsakanin ƙashin kafaɗa da haƙarƙarin farko, inda motsin hannu ke iya murƙushe ta a hankali. Ga manomin da ke wuni da fartanya a gonar citta ko masara, wannan ba ƙaramin zance ba ne, kuma ya dace likita ya san sana'ar mutum kafin ya zaɓi jijiyar da zai bi. Idan waya ta lalace, alamun da suka sa aka dasa na'urar sukan dawo, ko batir ya ƙare da wuri, ko tsokar ƙirji ta riƙa zillo.

Wani lokaci matsalar daga masana'anta take. A watan Oktoban 2007 kamfanin Medtronic ya dakatar da sayar da wayoyinsa samfurin Sprint Fidelis, na na'urorin da ke farfaɗo da zuciya da girgizar lantarki, saboda yawan karyewa, bayan an dasa kusan 268,000 a duniya. A 2011 aka yi irin wannan kiranye ga wayoyin Riata na kamfanin St. Jude Medical. Abin lura shi ne, ko a wancan lokacin ba a ba da shawarar a bi kowa a cire masa wayar da ke aiki ba. An ce a tsananta sa ido, domin cirewar ma da nata haɗarin.

Dalili na uku toshewar jijiya ne, ko buƙatar ƙara waya alhali hanya ta cika.

Idan babu cuta, likita yana da zaɓi: ya cire tsohuwar wayar, ko ya rufe bakinta ya bar ta a ciki, ya zura sabuwa a gefenta. Ga dattijo mai shekara tamanin, barin ta ya fi sauƙi. Ga matashi mai shekara talatin, wanda zai iya tara wayoyi huɗu ko biyar a jijiya ɗaya a tsawon rayuwarsa, barin ta bashi ne da za a biya da ruwa, domin duk shekarar da ta ƙara, cire ta ƙara wuya yake. Wannan hukunci ne da ake yankewa tare da mara lafiya da iyalinsa, bayan an fayyace musu ribar kowace hanya da asararta.

Yadda ake aikin

Wayar da ba ta kai shekara ɗaya ba, galibi ana iya warware ta a zaro ta da hannu a hankali. Wadda ta daɗe kuwa sai da kayan aiki na musamman. Da farko ana zura wani siririn ƙarfe a cikin ramin wayar, ya kama ta daga ciki tun daga sama har baki, don kada ta tsinke idan an ja. Daga nan sai a sanya mata wani bututu kamar kube, a riƙa tura shi a kanta yana raba ta da naman da ya riƙe ta. Wasu bututun suna da haƙora masu juyawa a baki, wasu kuma hasken leza suke fitarwa yana narkar da naman. Idan ta ƙi fitowa ta sama, ana iya biyowa ta jijiyar matsematsi a kamo ta da zarge. Duk wannan ana yin sa ne ana kallon allon hoton eksire mai motsi, mara lafiya kuma yawanci yana cikin barcin allura.

Abin tsoro shi ne yagewar babbar jijiyar da ke dawo da jini daga sama zuwa zuciya, ko hujewar bangon zuciya. Idan haka ta faru, jini yana kwarara cikin ƙirji, kuma mintoci kaɗan ne tsakanin mutum da ajali. Don haka ne ƙa'ida ta tanadi cewa kada a fara aikin sai akwai likitan tiyatar zuciya a kusa, da ɗakin tiyata a shirye, da jinin da aka riga aka gwada ya dace da mara lafiya. Idan kuma ƙwayoyin cuta sun tara babban curi a jikin wayar, ana iya zaɓar buɗe ƙirji tun farko.

Alƙaluman da aka fi dogara da su sun fito ne daga wani babban nazari na Turai mai suna ELECTRa, wanda aka wallafa a 2017. Ya bi marasa lafiya sama da 3,500 a cibiyoyi 73 na ƙasashe 19. Kashi 1.7 cikin ɗari ne suka gamu da babbar matsala sanadiyyar aikin, kuma kashi 0.5 cikin ɗari suka rasu saboda shi. Wato a hannun ƙwararru, mafi yawan mutane suna fita lafiya. Sai dai nazarin ya nuna wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a cibiyoyin da ba sa yin aikin sau 30 a shekara, yawan masu rasuwa kafin sallama ya ninka na manyan cibiyoyi kusan sau biyu. Hannun da ya saba shi ne rabin maganin. Ƙasar da dasawar ma ba ta yawaita ba, da wuya ta samu cibiyoyi da yawa masu irin wannan sabo.

Kuma dasawa a nahiyarmu ba ta yawaita ba. Rahoton da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Afirka, PASCAR, ta fitar a 2018 kan ƙasashe 31 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashen ba a dasa fesmeka a cikinsu kwata-kwata, kuma matsakaicin adadin dasawa bai kai mutum uku cikin miliyan ɗaya a shekara ba, ƙasa da na Turai fiye da sau 200.

Kwanakin jira

Cire waya rabin tafiya ne. Idan cuta ce dalili, ba a dasa sabuwa nan take. Ana jira sai gwajin jini ya nuna babu ƙwayoyin cuta na aƙalla sa'o'i 72, kuma idan cutar ta taɓa marfin zuciya, jiran yakan kai mako biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan ɗauki kimanin mako biyu idan abin ya tsaya a aljihu, mako huɗu zuwa shida idan ya shiga zuciya, kuma galibi ta jijiya ake ba da shi. Sabuwar na'ura kuma ɗaya ɓangaren ƙirjin ake kai ta.

A wannan tsakanin likitoci sukan sake duba ko mutumin yana buƙatar na'urar har yanzu, domin akwai waɗanda ake samu zuciyarsu ta iya riƙe kanta. Amma wanda zuciyarsa ta dogara kacokan ga na'ura ba zai iya kwana ɗaya babu ita ba. Shi sai an sa masa waya ta wucin gadi, ya zauna a asibiti ana lura da shi dare da rana. Iyalin da suka yi lissafin kuɗin tiyata kaɗai, a nan lissafinsu ke rushewa: kuɗin gado na makonni, kuɗin allurai, kuɗin sabon akwati da sababbin wayoyi, da ɗawainiyar mai jinya a birnin da ba nasa ba.

Akwai sabuwar fasaha da ta kauce wa matsalar gaba ɗaya. A 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Micra, fesmeka mai girman babban kafso wadda ake dasawa a cikin zuciya kanta, babu aljihu babu waya. Tana da amfani ga wanda cuta ta taɓa kama na'urarsa, amma ba kowane irin ciwo take dacewa da shi ba, kuma tsadarta ta ninka ta gama-gari.

Tsakanin Godogodo da allon likita

Mai fesmeka yana buƙatar a duba na'urarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, sau da yawa duk wata shida, da ƙarin kusanci idan batir ya fara ja da baya. Dubawar ba ta da zafi: ana ɗora wani abu a kan ƙirji, kwamfuta ta karanto sauran ƙarfin batir da lafiyar kowace waya. A wannan allon ne ake ganin waya ta fara gajiya watanni kafin mai ita ya faɗi. Sai dai kowane kamfani da tasa kwamfutar. Ta Medtronic ba ta karanta na'urar Abbott, ta Boston Scientific ba ta karanta ta Biotronik. Wanda aka dasa wa na'ura a ƙasar waje, ko a wani shirin agaji na likitocin da suka zo suka tafi, yana iya dawowa da samfurin da babu mai karanta shi a kusa.

Daga Godogodo, a Ƙaramar Hukumar Jama'a, zuwa inda ake wannan dubawa tafiya ce ta sa'o'i, ko a hau dutse zuwa Jos, ko a bi ta Kwoi da Keffi zuwa Abuja. Dattijon da yake jin garau ba ya ganin dalilin wannan wahala, ’ya’yansa kuma aiki ya sha musu kai. Shekara ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, sai ranar da ya faɗi a bakin masallaci ko coci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mafi yawan iyalai a ranar suke fara tambayar ina za a je.

Akwai kuma batun takardu. Duk wanda aka dasa wa na'ura ana ba shi kati mai ɗauke da sunan kamfani, samfurin akwati, samfurin kowace waya da ranar dasawa. Likitan da zai cire waya yana buƙatar waɗannan bayanai kafin ya taɓa wuƙa, domin shekarun waya da irin bakinta ne ke nuna girman haɗari. Mutanen Godogodo sun san yadda takarda ke salwanta: hare-haren da aka kai garin a 2016 sun ƙone gidaje, sun raba jama'a da muhallansu. Hoton katin a wayar salular ’ya’ya biyu ko uku ba ya cin ko kwabo, kuma yana iya zama abin da zai ceci rai.

Wa zai biya?

Ma'aikacin tarayya yana cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali ta koma Hukumar NHIA. Amma tsarin ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci ne da abokin aurensa da ’ya’ya huɗu ’yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban, ko ta shirin GIFSHIP na ɗaiɗaiku da iyalai, ko ta hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA. Kuma samun rajista daban, biyan kuɗin na'ura daban. Ya kamata mutum ya nemi amsa a rubuce daga kamfanin da ke kula da inshorarsa: shin ana biyan kuɗin akwati da wayoyi? Canza batir fa? Cire waya da zaman asibitin da ke biye da shi fa? Ma'aikacin da ke dab da ritaya, ko hadimin da aikinsa ke ƙarewa da wa'adin ubangidansa, shi ma ya san matsayinsa tun yanzu, domin batir ba ya duba ko mutum yana kan kujera.

Na'urorin duka daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. A wannan shekarar ce kuma annobar ruɓewar citta ta cinye gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, ta karya jarin da iyalai da yawa ke dogara da shi a ranar baƙin ciki. Nauyin ya ƙara komawa kan mai albashi.

Wani ƙoƙarin rage tsada shi ne sake amfani da akwatunan da aka ciro daga jikin mamata, bayan an gwada batirinsu an tsabtace su. Shirin My Heart Your Heart na Jami'ar Michigan a Amurka da ƙungiyar Pace4Life ta Ingila sun daɗe suna wannan aiki. Amma akwati kaɗai ake sake amfani da shi. Waya kullum sabuwa ce, kuma babu shirin agajin da zai ɗauke wa mutum buƙatar bibiya.

Abin da Kafanchan za ta iya farawa da shi

Ba hikima ba ce a nemi sabuwar cibiyar Kafanchan ta fara cire wayoyi gobe. Alƙaluman Turai sun nuna cewa irin wannan aiki tattara shi ake yi a ’yan cibiyoyi masu tiyatar zuciya, ba a barbaza shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ke iya yiwuwa, kuma ba ya buƙatar biliyoyi, shi ne matakin da ke gabanin tiyata: na'urar gwajin lantarkin zuciya mai aiki da wanda ya iya karanta ta, ɗakin gwaji da zai iya shuka jini ya gano ƙwayar cuta kafin a fara magani, rajistar duk masu fesmeka a yankin, ranar asibiti ta musamman, ko da sau biyu a shekara, da likitan zuciya zai zo da kwamfutocin kamfanoni, da kuma rubutacciyar yarjejeniya da cibiyar da za a tura mara lafiya idan cirewa ta kama. Ma'aikatan jinya a ƙananan asibitocin Godogodo da kewaye kuma a koya musu magana ɗaya: kumburin da ke kan fesmeka ba a matsa shi, ba a tsaga shi, ba a soka masa allura, turawa ake yi. Da yawa daga masu karanta wannan shafi suna zaune ne a ofisoshin da ake tsara kasafin irin wannan cibiya, a ma'aikatar lafiya, a ofishin kasafi, ko a kwamitocin Majalisar Tarayya. Layi ɗaya a kasafin kuɗi ya isa ya kafa asibitin bibiya.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana wuyan iyali. Kafin a dasa na'ura, a tambayi likita wane kamfani ne, wa zai riƙa duba ta, a ina, kuma idan cuta ta shiga, ina ake cirewa. A makonnin farko kada mara lafiya ya ɗaga hannun ɓangaren sama da kafaɗa ko ya ɗauki kaya mai nauyi. Wayar salula ta yi nesa da akwatin da kamar santimita 15, wato ba ta zama a aljihun gaban riga. A guji tsayawa kusa da walda. A ƙofofin ma'aikatu da filin jirgi a nuna kati, a wuce ba tare da tsayawa a cikin ƙofar bincike ba. Duk likitan da aka je wurinsa da zazzaɓi, a gaya masa akwai na'ura tun kafin ya rubuta magani.

Idan kuwa za a mayar da batun ga mai yanke hukuncin cirewa, tambayoyi uku ba su da laifi, kuma likitan kirki ba zai ji haushinsu ba: Sau nawa kuka yi wannan aiki a bara? Akwai likitan tiyatar zuciya a kusa lokacin aikin? Me kuka tanada domin kwanakin da ke tsakanin cirewa da sabuwar dasawa? Amsar waɗannan ita ce za ta nuna ko a kwantar da Baba a nan, ko a ƙara gaba.